Akushin Da Ya Riga Wasiƙa Isa Gida

Katmandu, wata na takwas

Zuwa ga ƙanwata Butri,

Gaisuwa mai yawa, wadda za ta ishe ku har ku miƙa wa maƙwabta saura. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Samten da yaran da tumakin. Ki durƙusa gaban Inna ki gaishe ta a madadina, ki ce mata ɗanta yana nan garau, ya yi ƙiba har ɗamara ta fara ƙorafi. Kin rubuta mini a bazara cewa idanunta sun ƙara dushewa, cin abincinta kuma sai a hankali. Tsufa ke nan. Ki dinga matsa mata dai.

Gidan abincina yana tafiya, sai dai abu ɗaya yana neman kashe mini kasuwa. Shekaranjiya wani tsoho mutumin garin Shelkar na can wajenmu ya zauna, na zuba masa shayi. Ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye.

Ya ce, “Kai Migmar, wannan shayi ne ko narkakken kyandir?”

Na ce, “Haba Baba, man shanun dutse ne, jiya jiya ya sauko.”

Ya ce, “Ya sauko daga bayan ɓauna dai. Ni shekara arba’in na yi ina tatsa. Ka ajiye ƙaryarka ga Turawa, su ne za su sha har su ɗauki hoto.”

Kowa ya fashe da dariya, har da ni, don mai sayarwa ba ya fushi a gaban ciniki. Amma gaskiyarsa ce. Man da ake samu a nan fari ne fat, ba ƙamshi. Tsamfa kuwa, garin soyayyen sha’ir ɗinmu, a nan rabinta alkama ce, sha’ir ɗin ma ba a soya shi ya soyu ba, kina cuɗawa tana manne miki a yatsu kamar laka.

To ga maganar, ki saurara da kunnen kasuwa. Na ba Gyalpo direba akushina, wancan na katako da Inna ta cusa mini a cikin riga da safiyar da na fita, shekara ashirin da huɗu ke nan. Zai kawo muku shi. Kin san Inna, ba ta taɓa mayar da kwanon wani fanko ba, ko da na wadda suka yi faɗa ne. In na roƙi man shanu a takarda, Samten zai ce sanyi na tafe, kuma ba zan ga laifinsa ba. Amma in akushin ya shiga hannun Inna, babu sauran shawara. Za ta cika shi, ta ga ya yi ƙanƙanta, ta ɗinka wani man a fata, ta ƙara busasshen cuku da jakar tsamfa daga dutsen niƙan bakin rafi. Ni kuwa ɗan kaɗan zan riƙa lakatawa a kan na ɓauna. In ƙamshin ya bugi hancin mutum, harshensa zai bi.

Kada ki karanta mata wannan sashen. Ki ce kawai kewar abincin gida ta dame ni, wannan ma ba ƙarya ba ce.

Wasiƙar ta gidan waya zan aiko, don Gyalpo ya ce zai ɗauki komai ban da rubutu, a bakin iyaka takarda ce take hana mota wucewa.

Yayanki,
Migmar

Katmandu, wata na goma

Butri,

Ina gaisuwa, amma a taƙaice, don an ce ku manya ne yanzu, ba ku amsa wa talaka. Lafiyata ƙalau in ban da tari, hayaƙin garin nan ne. Inna fa?

Wata biyu ina leƙen hanya. Na riga na yi wa tsohon nan na Shelkar alkawarin shayin da zai sa shi kuka, yanzu kullum ya wuce sai ya ce, “Migmar, saniyar taka har yanzu ba ta haihu ba?”

Jiya na kama Gyalpo a tasha. Da ya hango ni sai ya shiga duba taya.

Na ce, “Malam direba, ina kayana?”

Ya ce, “Ai motata ta mutu a bayan gada. Na ba wani direba, mutumin kirki.”

“Ya san gidanmu?”

“Na faɗa masa sunan ƙauyen da sunan tsohuwar. Ba ya jin harshenmu sosai, amma ya gyaɗa kai.”

“Ka gaya masa abin da zai ce?”

Ya ce, “Me zai ce? Akushi ne fa, ba sai an yi masa tafinta ba.”

To in ya iso, ku yi sauri kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanya. In kuma Samten ne ya zauna a kan fatar man, ki ce masa na yafe cukun, ya saki sauran. In kuwa bai iso ba, ki sanar da ni in san zagin da zan tanadar wa Gyalpo.

Migmar

Shagar, wata na goma sha ɗaya

Yaya,

Ina gaishe ka. Ban san yadda ake gaishe da mutum irinka ba, amma na gaishe ka. Muna lafiya. Inna tana da rai.

Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka zo, an buɗe su an sake liƙewa. A garken tumaki na karanta su. Da na gama sai da na zauna a ƙasa.

Akushinka ya iso tun ƙarshen wata na takwas. Wani mai gyaran hanya ne ya kawo, ya ce direba ya miƙo masa ta taga, ya ce a kai gidan tsohuwa Conzom, wato Inna. Bai san komai ba ban da haka. Ya ajiye a bakin ƙofa, ko shayi bai tsaya ya sha ba.

Yaya, ka manta yadda aka kawo na Baba? Ni ina goye, amma kai shekararka tara. Abokan tafiyarsa suka dawo daga tafkin gishiri, suka ajiye akushinsa a bakin ƙofar nan, suka juya. A kwarin nan mutum ba ya rabuwa da akushinsa. In ya dawo gida shi kaɗai, kowa ya san abin da ake nufi.

Inna ta laluba shi da yatsu har ta sami tsagar nan da ta liƙe da kanta. Sannan ta kai shi hanci. Ta daɗe tana shinshinawa.

Ta ce, “Butri, babu ƙamshin mai a jikinsa. An daɗe ba a ci abinci a cikinsa ba.”

Na ce, “Inna, mu jira takarda.”

Ta ce, “Ga takarda nan a hannuna. Da yunwa ɗana ya mutu. Kira lama ya zo ya yi masa addu’a.”

Mun yi maka komai. Kwana arba’in da tara, safe da rana da yamma, ana cuɗa tsamfa da mai da garin cuku a zuba kan garwashi a kasko, tunda ƙamshi ne abincin mamaci har ya sami inda zai koma. Kowa ɗan tsunkule yake zubawa. Inna da tafin hannu take kamfata. Ta zauna a gaban hayaƙin tana cewa, “Migmar, zo ka ci. Kada ka ji kunya, gidanku ne.” Samten ya yi magana sau ɗaya, ta ce masa, “Kai ka ci tun safe, shi fa?” Bai sake ba. Man da muka ɗinka don sanyi ya ƙare kaf, sha’ir ya tafi rabi. Yarana baƙin shayi suke sha da gishiri. Ga man da ka roƙa, an ba ka shi duka.

Ranar ƙarshe lama ya ƙona takarda mai sunanka tare da akushin, ya ce ka wuce, ba ka sauran yunwa.

Yanzu abin da ya hana ni shiga ɗaki da wasiƙunka. Da na rubuta maka cin abincinta sai a hankali, ka ce tsufa ne. Ba tsufa ba ne. Tun ranar da ka fita, duk curin tsamfar da ta yi sai ta raba biyu ta ɗora maka rabi a kan kantar bango, wai ba ta san ko ka samu ba. Ba ta yarda a sa mata mai a shayi. Wasiƙunka na ƙiba da gidan abinci ba su taɓa shiga kanta ba, cewa take, “Wannan tun yana yaro in ya ce ya ƙoshi, to duba tukunya.” Bara sai da na riƙa ɗaga ta da hannu ɗaya.

Washegarin ranar da lama ya tafi, ta ce, “Butri, shayin nan ba mai ne?” Na ruga gidan maƙwabta na samo. Ta sha ƙoƙo uku. Ta cinye curinta duka. Yau kwana ashirin da shida tana ci. Jiya har ta yi faɗa da ni kan gishiri.

Ban gaya mata ba. Samten kaɗai ya sani.

Butri

Katmandu, wata na ɗaya

Butri ƙanwata,

Barka da sabuwar shekara, in akwai barka a cikinta. Ina gaida Samten, ki ce masa na ji nauyinsa. Tarin yana nan.

Na karanta takardarki a tsaye a bakin gidan waya. Na tuna akushin Baba. Ni ne ma na buɗe wa mutanen ƙofa. Na rantse miki, ranar da na miƙa wa Gyalpo akushin nan ko kaɗan abin bai zo mini a rai ba. A nan kowa da kofin gilas yake sha, in ya fashe a sayi wani. Maɓallai da allura nake zubawa a cikinsa, shi ya sa ba ta ji ƙamshi ba. Na zauna cikin ’yan kasuwa har na iya harshe huɗu, na manta na ƙofar gidanmu.

Tunda an riga an ƙona sunana, bari in faɗi gaskiya, ba wanda zai kama matacce da laifi. Babu gidan abinci. Akwai murhu ɗaya da benci ɗaya a ƙarƙashin matakalar wani mai sayar da darduma. Momo nake turarawa, ƙullin fulawa mai nama a ciki, in naman ya yi kaɗan in cika da kabeji da surutu. Ɗamarata ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma ina ci, Butri. Ba na kwana da yunwa. Wannan kam ba ƙarya ba ce, sai dai na san na riga na kashe muryar da zan faɗe ta da ita.

Na je ofishin neman izinin shigowa sau uku. Na ukun mutumin ya ɗago kai.

Ya ce, “Da me ka fita?”

Na ce, “Da ƙafa, ranka ya daɗe.”

“Ina takardar fita?”

“Ranka ya daɗe, a kan dutsen da na bi babu mai buga hatimi.”

Bai yi dariya ba. Ya ce in dawo baɗi, in kawo sunan wanda zai tsaya mini a can. In na ba da sunan Samten, kin san irin baƙin da za su riƙa zuwa muku.

Saboda haka ke ce ƙafata. Ki shiga ki gaya mata. A hankali, bayan ta ci, ba da safe ba. Ki ce kuskuren direba ne. Ki ce ɗanta wawa ne, ai ta sani. Ta zage ni, ta tsine wa dabarata, duk na ɗauka. Haba Butri, uwa ce fa. Wace uwa ce za a ce mata ɗanta yana da rai ta ƙi murna? Ni ina nan ina numfashi, ina yanka albasa, a ce a gidanmu an gama da ni?

Na sami gwangwanin mai huɗu, na ɓauna ne amma zai rufa wa yara asiri. Zan ba Gyalpo, wannan karon zan sa shi ya haddace abin da zai faɗa.

Yayanki, wanda bai mutu ba,
Migmar

Shagar, wata na uku

Yaya,

Gaisuwa. Sanyi ya fara saki. ’Yan raguna shida sun mutu, sauran suna nan. Yara lafiya. Ka nemi magani don tarin nan.

Kada ka aiko da mai. In ya zo, in ce daga wa?

Na gwada abin da ka ce. Ban faɗa kai tsaye ba. Da rana ne, ta gama ci, tana zaune a hantsi tana jan carbi.

Na ce, “Inna, a Shelkar an ce an taɓa kawo akushin wani, bayan an gama komai sai ga mutumin da ransa.”

Ta tsaya da jan carbin. Ta ce, “Ya dawo gida?”

Na ce, “A’a, yana can ƙasar da yake. Takarda ya aiko.”

Ta ce, “To wa ke ba shi abinci?”

Na shiga kwashe kwanuka. Ta ce, “Butri, me kika ji?” Na ce ban ji komai ba, hira ce. Ba ta yarda ba. Da yamma ta raba curinta biyu. Ta laluba ta ɗora rabi a kan kantar bango, daidai inda take ajiyewa a da. Kwana uku ba ta taɓa mai ba, ta koma bakin ƙofa tana tambayar duk motar da ta ji. Rana ta huɗu na rantse mata da ran ’ya’yana cewa babu wani labari. Da ran ’ya’yana, Yaya. Sannan ta ci.

Ka ce wace uwa ce za ta ƙi murna. Za ta yi murna kwana ɗaya. Daga nan sai jira, kai kuwa ba zuwa za ka yi ba, ko baɗi ko baɗin baɗaɗa. Jikinta ba zai ɗauki wata shekarar rabin abinci ba. Ni nake ɗaga ta, na sani.

Na gaya wa lama a asirce. Ya ce hayaƙin bai ɓata ba, masu yunwa da ba a ganinsu suna da yawa, wani ya ci. Game da Inna kuwa ya ce ba zai ce in faɗa ba, ba zai ce in ɓoye ba.

Abu ɗaya ne ya rage yana cin ta. Kullum sai ta ce, “Ko akwai wani a kusa da shi? Ko an ba shi wani abu mai ɗumi a ƙarshe?” Kai ne gwanin tsara magana. Ka rubuto mata takarda da sunan wani, abokinka, wanda ya ga ƙarshenka. Kada ka zuzuta kanka, za ta gane. Ka san abin da take son ji.

Bayan wannan kada ka sake rubutowa gidan nan. Mai kawo wasiƙa ya fara tambaya yadda mamaci yake da yawan rubutu haka. Na ce masa tsofaffi ne da suka maƙale a hanya, amma ba zan iya faɗin haka sau huɗu ba. In wani abu ya faru, ni zan rubuto.

Ka yafe mini. Ni ban gama yafe maka ba, amma ina kan hanya.

Butri

Katmandu, wata na biyar

Butri,

Ina gaisuwa. Ga ta nan. Sau bakwai na rubuta ina yagawa. Babu wani Wangdrak, kada ki neme shi. Ki yage wannan sashen na sama ki sa a murhu. In kin zo karantawa kada ki yi sauri, kuma in muryarki ta ƙi, ki ce hayaƙi ne.

Migmar

Zuwa ga Inna Conzom ta ƙauyen Shagar,

Ina durƙusawa ina gaishe ki, Inna, ko da yake ba ki san ni ba. Sunana Wangdrak, mutumin garin Sakya, ɗinki nake yi a garin nan. Shekara goma sha ɗaya ɗakina yana jikin na ɗanki Migmar. Ki gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba, ban iya rubutu sosai ba, sai da na sami mai taimaka mini.

Ba zan ɓoye miki ba, ɗanki mutum ne mai baki. Sau biyu ya sayar mini da gari mai tsakuwa yana rantsuwa daga gonarku ya zo. Sau ɗaya ya ari takalmina ya je biki ya dawo da na wani. Amma duk unguwarmu babu wanda ya taɓa wucewa ta gaban murhunsa da yunwa ya bar shi ya wuce.

Ciwon ƙirji ne, bai daɗe yana jinya ba, kwana shida. Ba a bar shi shi kaɗai ba. Ni da matata muna karɓa-karɓa, mutanen ƙasarmu suna shigowa har ya riƙa korarsu wai sun hana shi hutawa.

Akushinsa kuwa, na ji tsoro ko za ki ga ya bushe ki ɗauka wani abu. Ya daɗe da daina ci a ciki, a naɗe yake ajiye shi cikin farin ƙyalle a sama, ba ya bari a taɓa. Cewa yake hannun uwarsa ne na ƙarshe da ya cika shi, ba zai zuba abincin kasuwa a kai ba. A babban kwano yake ci, kuma ba kaɗan ba.

Ranar ƙarshe da hantsi ya ce yana jin yunwa. Matata ta yi masa miyar taliya da nama da ƙashi, irin mai kauri. Ya sha kwano biyu. Muka dace wani baƙo ya sauko daga tudu da man shanun dutse na gaske, rawaya, na kaɗa masa shayi da shi. Ya cuɗa tsamfa a ragowar shayin, ya yi curi babba, ya cinye, ya suɗe yatsu. Na ce in ƙara masa. Ya ture hannuna ya ce, “Kai Wangdrak, so kake ka kashe ni?” Muka yi dariya, har da shi. Ya jingina da bango, rana tana dukan ƙafafunsa, ya ce zai ɗan runtsa.

Kafin ya rufe ido ya kira ni. Ya ce, “In ka sami mai zuwa Shagar, ka ce wa Inna wannan karon ta duba tukunya in tana so. Na ƙoshi. Sauran nata ne, ta cinye.”

Iyakar abin da na gani ke nan, Inna, ban ƙara ba ban rage ba.

Naki cikin ladabi,
Wangdrak mai ɗinki